Ƙofar Hajiya Ta Fita Daban

Shekara talatin da ɗaya Baba Direba yana shiga get ɗin gidan nan da mota, gaba da baya, rani da damina, bai taɓa shafar ginshiƙi ba sai wata Talata da hantsi. Ba gudu yake yi ba, ba kuma wani ne ya sha gabansa ba. Ya dawo daga sayo gas ɗin girki, ya karya kan mota yadda ya saba, sai ya ji ƙarfe yana kuka a gefen dama. Da ya fito ya shafa, ƙofar baya ta lotsa kamar gwangwanin da aka taka, fenti ya ɗaye tsawon kamu guda. Kuma duk cikin ƙofofi huɗu sai ta Hajiya uwar gidan, wadda saboda ciwon ƙafarta ta nan kaɗai take iya shiga.

Maigadi yana tsaye riƙe da murfin get. Ya dubi ƙofar, ya dubi Baba, ya ce shi fa yana banɗaki lokacin da abin ya faru, har yanzu ma bai fito ba.

Baba bai yi dariya ba. Tun da maigidan ya rasu shekara uku da suka wuce, babban ɗansa ne yake riƙe da gidan, wanda kowa yake kira Injiniya. Baba ne ya yi ta kai shi makaranta tun yana kuka a kujerar baya, amma wanda ya yi aikin gidan masu hali ya san wannan ba ya hana komai. Bara da Baba ya fasa fitilar baya, Injiniya ya zaunar da shi cikin ladabi, ya ce shekaru sun ja, in aka sake samun irin wannan sai dai Baba ya huta. Hajiya ce ta sa baki aka bar maganar. Hutawa kuwa ma'anarta ajiye makulli, kuma makullin motar nan shi ne makullin ɗakuna biyu na bayan gida inda Baba yake zaune da matarsa Inna. 'Ya'yansu mata biyu suna gidajen mazajensu, kowace ɗaki ɗaya da yara. Namijin ya tafi nema can nesa, rabon da a ji muryarsa an kwana biyu. Inna kuma ba ta iya taku ashirin ba ta tsaya ta nemi numfashi ba.

Abu ɗaya ne ya zo da sauƙi. Hajiya ba ta gari, Injiniya ya kai ta wurin 'yarta da ta haihu, sai ranar Asabar za su dawo. Kwana huɗu ke nan. Baba ko ruwa bai tsaya sha ba, ya juya kan mota ya nufi gareji.

Mai Fenti mutum ne kakkaura mai tari, faratansa kowanne da irin launinsa. Rumfarsa ta kwano ce a ƙarshen layin masu gyara, bayan masu walda, ƙasa duk ta yi dabbare-dabbare da feshin shekaru. Sun san juna da Baba tun zamanin marigayi. Ya durƙusa ya shafa ƙofar, ya ce wannan ai abin kwana uku ne, za a cire ta a buga, a cike, a goge, a fesa, Juma'a da rana Baba ya zo a mayar masa. Ya ce ko wanda ya ƙera motar ya zo ba zai gane ba. Sannan ya zagaya ɗaya gefen da sukundireba ya kwance murfin tankin mai ya jefa a aljihu. Haka aikinsu yake. Ba a ɗaukar mota a kai wa mai haɗa fenti, murfin tanki ake aika masa, ya ɗora shi a kan teburinsa, ya yi ta ɗiga wannan yana ɗiga wancan har ruwan da ke cikin gwangwani ya zama ɗaya da murfin. Baba ya ga an cire murfin, bai kawo komai a ransa ba.

Ranar Juma'a aka mayar da ƙofar a cikin rumfa. Baba ya bi ta da tafin hannu daga sama har ƙasa, santsi kamar faranti, babu alamar inda ta lotsa. Ya shiga ya fito da motar baya-baya zuwa filin rana, ya fito yana sa wa Mai Fenti albarka.

Mai Fenti ya tsura wa ƙofar ido. Ya ja da baya taku biyar, ya karkata kai, ya matso, ya sake ja da baya.

"Baba, ka duba kuwa?"

"Na duba. Hannunka bai tsufa ba."

Mai Fenti ya je ya ɗauko murfin tankin da bai riga ya mayar ba. Ya ɗora shi a kan sabuwar ƙofar, murfin ya ɓace a cikinta kamar an zuba ruwa a ruwa. Ya ɗaga shi ya ɗora a kan ƙofar gaba, ya daɗe yana kallo.

"Baba, tsakaninka da Allah, murfin nan na motar nan ne?"

Sai a lokacin abin ya faɗo wa Baba. Shekara tara da suka wuce, a wani gidan mai, ya manta murfin a buɗe ya ja baya, ƙarfen famfo ya fizge shi. Bai gaya wa kowa ba. Ya je wurin masu sayar da kayan matattun motoci ya samo na irin motar, ruwan toka kamar tasu, ya ɗaura da hannunsa. Marigayi ya rasu bai sani ba. Shi kansa Baba ya manta, don abin da mutum ya ɓoye ya daɗe, har daga kansa yake ɓuya.

Mai Fenti ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya yi tari mai tsawo. Ya ce ruwan toka ai ya fi kala arba'in. Motar Hajiya tokarta ta karkata wajen shuɗi, murfin nan kuwa tasa ta karkata wajen ƙasa-ƙasa. A abu kamar tafin hannu, a can gefen da ba kowa ke bi ba, ido yakan wuce. Amma ƙofa guda a tsakiyar mota, wannan ko daga tsallaken titi. Ya ce mai haɗa fenti bai yi laifi ba, abin da aka ba shi ya haɗa, har ma ya yi gwaninta.

Baba ya tsaya yana kallon ƙofofin biyu. Ya matsa kusa, ya ƙanƙance ido. Toka ce da toka. Shekara biyu ke nan duniya take zo masa kamar ta cikin hayaƙin murhu, fari ya koma ruwan shayi, gefen dama ya fi duhu. Hanyoyin da yake bi ya haddace su kamar ɗakinsa, ya san kowane rami da kowace kwana, shi ya sa ba wanda ya gane. Yanzu ga abu a gabansa wanda ake cewa ana hangowa daga tsallaken titi, shi kuma hancinsa ya kusa taɓa shi bai gani ba.

Ya ce, "E, to, akwai ɗan bambanci."

Mai Fenti ya ɗaga kai ya dubi cikin idonsa, ya daɗe kaɗan, sannan ya kawar da kai ya tofar da yawu. Baba ya roƙe shi ya sake fesawa yau ɗin nan, Mai Fenti ya ce ba a fesa sabo a kan ɗanye, tattarewa zai yi kamar fatar tsohuwa, garin neman gira a rasa ido. Sai dai Baba ya samo wasu kwana uku a jere, shi kuma zai ɗauko mai haɗa fentin da kansa ya zo ya tsaya a gaban motar, ba zai karɓi komai ba. Kafin nan shawararsa biyu ce. Kada ƙofar ta tsaya a rana inda mai ido zai gan ta, kuma kada a wanke motar, domin datti yakan haɗa kan launuka.

Da ya isa gida, Inna tana zaune a bakin ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa. Motar ba ta gama tsayawa ba ta ɗaga kai.

"Malam, wannan ƙofar a gidan wa ka aro ta?"

Ya kashe mota ya zauna a ciki, hannunsa a kan sitiyari. Ta ajiye tiren ta taso da ƙyar, tana dafa bango. Ta ce ta san da maganar idon tun ranar da ya fara miƙo mata waya ta duba masa wa ke kira, yana cewa wai hannunsa da maiƙo. Ta ce shekara arba'in tana wanke hannun nan, ta san ranar da yake da maiƙo. Shawararta ita ce gobe in Hajiya ta dawo ya same ta ita kaɗai ya faɗa mata gaskiya, mace ce mai tuna alheri. Ya ce Hajiya ta riga ta kashe nata harsashin bara, uwa ba ta roƙon ɗanta abu ɗaya sau biyu. Kuma in ya faɗi ta ƙofa za a tambayi yadda aka yi mai shekara talatin da ɗaya ya kasa ganin ginshiƙi da rana tsaka. Ta ce to shi ya sani, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ita ba ta ga inda wannan hanya za ta ɓulle ba.

Duk da haka ita ce ta zama idonsa. Da la'asar ta sa ya ɗauko mata kujerarta 'yar tsugune ya ajiye a bakin barandar Hajiya, daidai inda Hajiya take fitowa. Ya shiga mota yana matsawa gaba kaɗan, baya kaɗan, ita kuma tana faɗa masa. Nan ta nuna. Nan ta fi nunawa. Koma baya. Ƙara. Tsaya nan, inuwar rumfa ta rufe ta. Ya fito da gawayi ya ja layi a siminti daidai tayar gaba. Washegari da safe suka sake, don inuwar safe daban take, ya ja layi na biyu. Tana komawa ɗaki tana haki tana cewa ita dai ba ta taɓa jin an auri mace don ta yi gadin inuwa ba.

Hajiya ta dawo ranar Asabar. Litinin, Laraba da Juma'a ake kai ta asibiti gashin ƙafa, kuma Litinin ɗin farko Baba ya tsayar da mota a kan layin gawayi, ya buɗe ƙofar ya tsaya a jikinta da babbar rigarsa. Hajiya ta fito da sandarta, idonta a ƙasa tana lura da matakala. Ta zauna, ya ɗaga mata ƙafar ya shigar kamar kullum, ya rufe. Ba ta ce komai ba. A asibiti akwai wata bishiya a ƙarshen wurin ajiye motoci, ya riƙa fita da wuri don ya riga kowa zuwa ƙarƙashinta, ko da yake hakan ya ƙara wa Hajiya tafiya. Ya ce mata don kada kujera ta yi zafi ne. Ta ce ya kyauta.

Kwana ukun ne suka ƙi samuwa. Tsakanin gashi da gashi kwana ɗaya ne, Asabar da Lahadi kuma Injiniya yakan zo da iyalinsa. Sau ɗaya Baba ya gwada cewa yana jin wata ƙara a inji, ya kamata a bar motar wurin makaniki kwana biyu ko uku. Hajiya ta ce to bari ta gaya wa Injiniya ya zo ya saurara. Baba ya ce ba sai an dame shi ba, wataƙila ma kunnensa ne. Ran Asabar ya cusa motar can ƙuryar rumfa, gefen dama a jikin bango, har sai da ya fita ta gefe yana matse ciki.

Rashin wankin ya fi komai ci masa rai. Mutum ne da unguwa ta sani da bokiti da tsumma tun kafin rana ta fito, har ana cewa motar Hajiya ta fi wasu amare wanka. Yanzu ga shi yana kallon ƙurar titi tana hawa, yana murna. Wata safiya har ya ɗebo ruwan kwata a gwangwani ya watsa wa gefen dama, ya tsaya yana jin kunyar kansa. Maigadi ya ce in Baba ya bar ta haka sati ɗaya nan gaba zai shuka mata alayyafo a kan but ɗin baya. Baba ya ce ruwa yake tattali. Maigadi ya ce haka ne, shi ma saboda tattalin ruwa har yau bai fito daga banɗakin nan ba.

Abinci ya daina shiga. In ya ji an kira sunansa daga cikin gida sai ya zabura. Kullum kafin su fita sai ya tambayi Inna ko ta nuna yau, ita kuma wata rana ta ce da sauƙi, wata rana ta yi shiru, shirun kuma ya san fassararsa. Ya fara tuƙi da rabin hankali, rabi yana wajen rana, ta ina take, wa ke tsaye a dama, wa ya juyo ya kalla. A danja in mai babur ya tsaya kusa da ƙofar sai ya ji kamar tsirara yake.

Juma'a ta uku, suna shiga get ɗin asibiti, hankalinsa yana kan bishiyar, yana hango kamar wata mota ta riga shi. Ya ji ɗan ƙaras a gaba ta dama, kamar tsakuwa ta taso, ya ji kuma wata mace ta ɗaga murya a baya. Bakin asibiti kullum da hayaniya, bai waiwaya ba. Hajiya ta ce, "Baba Direba, a hankali." Ya ce to. Da suka dawo gida ba ta yi masa hirar jikoki ba kamar yadda ta saba.

Asabar da hantsi yana ɗaki ya ji an tayar da motar. Kafin ya sa takalmi ya fito, Injiniya ya fito da ita tsakiyar fili da nasa makullin, Maigadi kuma yana tsaye da bokiti da soso, ya ƙi yarda su haɗa ido. Baba ya ce a bari shi zai wanke. Injiniya ya ce a'a, Baba ya zauna ya huta, yau a yi masa hidima. Haka ya tsaya yana ji ana zuba ruwa, dattin sati uku yana gangarewa ta kan layukan gawayinsa. Hajiya tana zaune a baranda, sandarta a kan cinya. Inna ta fito ta tsaya a bakin lungun da ke zuwa ɗakunansu, ta dafa bango.

Da aka goge motar, rana ta hau kanta sosai, Injiniya ya kira shi.

"Baba, zo ka duba min motar nan. Ka ga wani abu?"

Baba ya riga ya yi lissafinsa tun ana zuba bokitin farko. Laifi biyu ne a gabansa, na ɓoyewa da na makanta. Mai ɓoyewa ana iya yi masa faɗa a yafe, makaho kuwa ba a ba shi mota. Saboda haka ya zaɓi ƙaramin. Ya taka kai tsaye zuwa ƙofar, ya ɗora hannu a kanta, ya ce ya gani, kuma shi ya yi. Ya faɗi ranar, ya faɗi ginshiƙin, ya ce hankalinsa ne ya tafi wajen ciwon Inna. Ya faɗi maganar murfin tanki tun daga gidan mai. Har ya ƙara da cewa ga shi nan kowa yana gani, motar ta karkata wajen shuɗi, ƙofar ta karkata wajen ƙasa-ƙasa, kuma Mai Fenti ya yi alkawarin gyarawa in an ba shi kwana uku. Ya faɗe shi tsaf kamar mai gani.

Injiniya ya saurara har ƙarshe, yana kaɗa kai.

"Na ji ta ƙofa, Baba. Wannan fa?"

Ya nuna wajen gaban motar da haɓarsa, hannayensa a aljihu. Baba ya juya. Gefen gaba na dama, saman taya, toka ce shimfiɗe tana ƙyalli a rana. Ya matsa. Bai ga komai ba. Ya san akwai abu, tunda an tambaya, kuma ya san kowa yana kallonsa. Sai hannunsa ya tafi da kansa, yadda ya saba a 'yan shekarun nan, ya sauka kusa da madubi ya fara lalube. Ya bi ta sama, babu. Ya gangaro. Can kusa da fitila yatsunsa suka faɗa cikin wani karce mai zurfi, ya bi shi, ya bi shi, ya fi kamu biyu.

Maigadi ya ɗauki bokitinsa ya koma get.

Hajiya ce ta fara magana, daga inda take zaune, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce maganar ƙofa ta sani tun ranar Litinin ɗin farko, warin sabon fenti ya cika motar, kuma ita ƙafarta ce ta lalace ba idonta ba. Ta yi shiru ne don ta ga yana wahala da inuwa, ta ce a ranta ƙofa ai ƙarfe ce, Allah ya rufa asirin kowa. Amma jiya a bakin asibiti wata mata tana tura mahaifinta a keken marasa lafiya, motar ta goge hannun keken har ya juya, saura kaɗan tsohon ya kife a ƙasa. Ta ce ta waiwaya ta ga matar ta durƙusa ta rungume shi.

"Ko birki ba ka taka ba, Baba Direba. Ba ka gan su ba. Ni na kira Injiniya jiya, ba wani ya kai ƙararka ba."

Baba ya so ya ce tsakuwa ya ɗauka, ya ga wannan ma ba ta da amfani.

Injiniya bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya ce Baba uba ne a gidan nan, ba wanda zai manta. Zai kai shi wurin likitan ido da kansa, wataƙila yanar ido ce, ana cirewa. Baba ya tambaya ko in an cire zai dawo kan mota. Injiniya ya dubi ƙasa ya ce a bar wa Allah wannan, amma Hajiya ba za ta fasa gashi ba, ranar Litinin wani direba zai fara. Mutumin yana da mata da yara uku, daga nesa yake, kuma dole direban Hajiya ya kwana a gida saboda larura. Ba za a takura wa kowa ba, wata biyu ko uku, har Baba ya samu wuri. Hajiya ta sa gefen mayafinta a ido.

Makullin yana ɗaure da igiya a aljihun ciki na rigarsa. Ƙullin ya daɗe, ya ƙi kwancuwa, ya yi ta fama da shi da farce a tsakiyar fili, har Injiniya ya ce a bari sai anjima. Baba ya ce a'a. Ya sa haƙori ya tsinke igiyar, ya miƙa da hannu biyu, ya yi godiya, ya roƙi gafarar Hajiya. Ta ce ita ce da neman gafara.

Inna ta riga shi komawa. Ya same ta a ɗakin ciki tana tsaye a gefen gadonsu da igiyar shanya a hannu. Ba ta tambaye shi komai ba, don ta ji da kunnenta. Ta ce ƙaninta yana da wani shago a bayan gidansa da ya daina amfani da shi, babu taga amma akwai rufi, in matarsa ta yarda. Ta san faɗinsa, taku shida ne nata. Ta ba shi bakin igiyar ta ce ya riƙe a wajen kan gadon, ta ja zuwa ƙafa tana haki, ta ƙulla alama. Ta ce tsawon zai shiga, sai dai ba za a samu wurin kabad ba, a ba wa babbar 'yarsu.

Sannan ta ja igiyar zuwa ƙofar ɗakin ta gwada faɗinta, ta sake gwadawa ta tsaye. Ta tsaya tana kallon gadon. A cikin ɗakin kafinta ya haɗa shi shekarar da suka tare, da ƙusa da gam, katako mai nauyi, don a lokacin ba wanda ya yi zancen fita.

"Malam, ba zai fita ta nan ba."

Ya ce a kwance shi. Ta ce ba irin mai kwancewa ba ne, sai dai a fasa. Ya zauna a bakin gadon, bakin igiyar yana hannunsa har yanzu. Ta zauna kusa da shi tana mayar da numfashi. Daga waje suka ji an tayar da motar ana mayar da ita cikin rumfa.